Kare Ma Ya Cancanci A Tuna Da Shi

Ya kai mai karatu, in ka ga yaro yana kuka saboda karen gidansu ya mutu, me za ka ce masa? Mutane da yawa dariya za su yi, su ce, "Kare ne fa!" Ni ma an taɓa yi mini wannan dariya. Ra'ayina shi ne, yaron bai yi abin kunya ba. Bari in gaya maka dalili.

Gidanmu yana bakin garin Azare, inda fadar Sarkin Katagum take, a Jihar Bauchi. Wata shekara Baba ya je tsohon garin Katagum, kusa da kogin Jama'are, ya dawo da ɗan kwikwiyo ja wanda wani mafarauci ya ba shi. Muka sa masa suna Bar-su. Bai taɓa shiga ɗakunanmu ba. Wurin kwanansa shi ne kusa da turken tumaki, abincinsa kuwa ƙanzon tuwo da ƙashi da ruwa a kasko.

Wannan ne duk ladansa, amma dubi aikin da ya yi. Da damina yakan raka mu gona, ya kori awakin da suka shigo cikin gero da wake. Wani dare, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, ɓarayi suka hauro katanga don su kwance ragunanmu. Haushin Bar-su ne ya tashi unguwa, suka gudu hannu wofi.

Ya shekara 11 tare da mu, sannan tsufa ya kama shi, ya mutu wata safiya da bazara. Wani maƙwabci ya ce a ɗaura masa igiya a ƙafa, a ja shi zuwa juji. Baba ya girgiza kai, ya ce, "Wanda ya hana idonsa barci don mu yi barci, ba za mu bar shi ga ungulu ba." Muka haƙa rami a gindin tsamiyar gonarmu, muka binne shi. A ranar na gane cewa godiya ba ta duba ƙafafun wanda ya yi alheri, biyu ne ko huɗu.

Na san za ka iya cewa, "Ai Hausawa ba su ɗauki kare a bakin kome ba, har ma da sunansa ake zagi." Haka ne. Amma ka tuna cewa addinin Musulunci ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya zauna a bakin kogo tare da samarin nan muminai. Akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim game da mutumin da ya ɗebo ruwa daga rijiya, ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. To, in shayar da kare aikin lada ne, yaya jifansa zai zama abin wasa?

Za ka kuma iya cewa kare yana cizo. Wannan tsoro yana da tushe, domin ciwon haukan kare yana kisa. Sai dai maganin abin shi ne allurar rigakafi, ba ƙiyayya ba. A nan Nijeriya ana yin allurar karnuka a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. Kowace ranar 28 ga Satumba kuma, duniya tana faɗakar da jama'a game da wannan ciwo. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a garzaya asibiti.

Ban ce dole ka ajiye kare ba. Amma in akwai shi a gidanku, ka ba shi abinci, ka zuba masa ruwa, musamman lokacin zafi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura. In ka ga yara suna jifan na titi, ka hana su. In kuma ƙanenka ya yi hawaye don nasa ya mutu, ka rarrashe shi, kada ka yi masa dariya. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Har yau, duk lokacin da na wuce gindin tsamiyar nan, nakan ɗan tsaya. Ba na jin kunyar kowa ya gan ni.