Baƙon Kwana Biyar A Birnin Landan

A cikin 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila, a 1943 kuma Malam Abubakar Imam ya tafi tare da waɗansu editocin jaridun Afirka ta Yamma. Dukansu sun sami masu tarbarsu, da masu yi musu ja-gora. Yau kuwa malamin makaranta ko akawu yakan tara ɗan abin hannunsa shekara da shekaru, ya hau jirgin sama a Abuja, bayan awa shida da 'yan kai ya sauka a Heathrow shi kaɗai, ba wanda ya san da zuwansa. Saboda irin wannan mutum muke yin maganar nan.

Ra'ayinmu shi ne, wanda kwana biyar kaɗai gare shi kada ya yi kwaɗayin ganin Landan duka. Birni ne mai mutum wajen miliyan 9, waɗanda aka haifa cikinsa ma ba su gama saninsa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya zaɓi wuri guda kowace rana, ya tsaya ya dube shi da kyau.

Amma kafin ya bar gida akwai abubuwan da ya wajaba ya kintsa. Na farko biza, ya kuwa sani ta ziyara ba ta ba shi iznin kama aikin kuɗi ba. Na biyu masauki. Ya kama ɗaki tun yana gida, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya rubuta adireshin a takarda ya sa aljihu, gama wayar hannu takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta. Na uku sha'anin kuɗi. Sule da sisin da muka karanta cikin tsofaffin littattafai an bar lissafi da su tun 1971, yanzu fam ɗaya kwabo 100 ne. Motocin bas kuma sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, saboda haka ya sayi katin Oyster a tasha, shi ne zai biya masa bas da jirgi duka.

Ya kuma duba watan da zai tafi. Cikin Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, watau azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, ga sanyin da ya fi na hunturunmu nesa. Cikin Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare take faɗuwa. Musulmi ya nemi jadawalin salla na birnin, in Jumma'a ta riske shi akwai babban masallaci a gefen Regent's Park. Wajen ƙetare titi kuma ya tuna mu mun koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, su kuwa har yanzu ta hagu suke bi. Sai ya fara duban damansa kafin ya sa ƙafa.

To, me zai gani? Mu dai shawararmu, rana ɗaya ya ba Majalisar Dokoki ta Westminster, inda ake barin baƙo ya hau bene ya saurari muhawara kyauta in ana zama. Rana ta biyu ya ba gidan tarihi na British Museum, wanda aka buɗe tun 1759, shi ma shigarsa kyauta ne. A nan zai ga kayan tagulla na Benin da sojan Ingila suka kwaso a 1897, ya yi wa kansa hukunci a kan gardamar mayar da su. Akawu kuwa bai kamata ya dawo bai je Kew ba, inda aka adana takardun Ofishin Mulkin Mallaka, har da rahotannin Jihar Arewa. Wanda aikinsa fayil ne zai ƙaru da ganin yadda ake fito da takarda mai shekara ɗari cikin ɗan lokaci. Rana guda kuma ya bar ta ba shiri, ya taka a bakin Kogin Tems, ya lura da yadda jama'a ke bin layi, da yadda ake kwashe shara.

Mun sani waɗansu za su ce, kuɗin jirgi da tsada, wa ya san ko za a sake zuwa, me zai hana a zaga ko'ina? Amsarmu ita ce, wanda ya zaga wuri ashirin cikin kwana biyar hotuna zai komo da su, da ciwon ƙafa. In almajiransa suka tambaye shi yadda ake muhawara a Majalisa, sai ya ce ya dai ga ginin daga waje. Ashe an yi asarar kuɗin ke nan.

Daga ƙarshe muna roƙo, ranar da ya ce zai komo, ya komo. Kowane mutum guda da ya wuce wa'adin bizarsa yana ƙara wa na bayansa wuyar samu, yana kuma zubar da mutuncin ƙasarsa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo mana da su da abin da zai amfani jama'a.