Lasin Malamin Makafi Da Kurame

Wani malamin firamare, wanda ya daɗe a aji, ya rubuto wa wannan shafi yana tambaya. Ya ce an kawo masa wata yarinya kurma, yana da digiri, yana da lasin koyarwa, amma ga shi wata uku ke nan bai iya sanar da ita ko baƙi ɗaya ba. Abin da ya ke so ya sani shi ne, in ya koma jami'a ya yi digiri na biyu, ko zai iya? Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar ta shafi mutane da yawa, don haka za mu amsa masa a gaban jama'a.

Malam, amsar ita ce, ya danganta da abin da za a koya maka can, da kuma abin da za a jarraba ka a kai kafin a ba ka takarda. Bari mu fara da lasin da ke hannunka.

Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda a ke kira TRCN, an kafa ta da doka mai lamba 31 ta shekarar 1993. Ita ce ke rubuta sunan duk wanda ya isa a kira shi malamin makaranta, ta ba shi lasin, shi kuma ya riƙa sabuntawa. A shekarar 2017 ta fara yi wa masu neman rajista jarrabawa a kan kwamfuta. Ta kasa malamai kashi huɗu bisa girman takardarsu: masu digirin dakta, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar takardar da Gwamnati ta yarda a shiga aji da ita. Wanda ya yi digiri a wani fanni dabam, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, watau PGDE, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan tsari ya yi amfani ƙwarai, gama da can kowa ya rasa aikin yi sai ya ɗauki alli.

Amma fa, jama'a, ku duba lasin direba. Ba a tambayar direba yawan shekarun da ya yi a makaranta. Abin da a ke rubutawa shi ne irin abin da ya iya tuƙawa: wannan babur, wannan ƙaramar mota, wannan babbar mota. Ba wanda zai yarda ya ɗora buhunan gyaɗarsa a kan tirela don an ce masa direban gwanin babur ne. To, kashi huɗun nan da muka ambata suna gaya mana tsawon karatun malam, ba su gaya mana irin yaron da zai iya karantarwa ba. Mai digirin dakta yana iya tsayawa gaban makaho ya rasa ta inda zai fara, mai NCE kuwa wanda ya fito daga Oyo ya zaunar da shi ya koya masa karatu.

Kada wani ya ce ai koyarwa duk ɗaya ce. Ga misalin rubutun makafi, wanda wani Bafaranshe makaho mai suna Louis Braille, da aka haifa a 1809, ya tsara tun yana saurayi. Ɗigo shida ne kurum, uku a dama uku a hagu, amma da su a ke fitar da alama 63, a rubuta baƙaƙe da lissafi. Yaro yana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, kamar mai rubutun ajami, sa'an nan ya juya takardar ya shafa da yatsa daga hagu zuwa dama. Har Larabci, in an sa shi cikin wannan rubutu, daga hagu a ke karanta shi, abin da zai ba malamanmu na zaure mamaki. Yanzu malamin da bai iya wannan ba, yaya zai duba aikin da yaro ya yi? Sai dai ya karɓi takarda ya juya ta, ya ce madalla, ya mayar. Yaro ya yi kuskure, kuskuren ya zauna masa.

Zancen kurame ya fi wannan wuya. Wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, wanda sanƙarau ya kurmantar da shi yana yaro, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Badun a 1960. Maganar hannu irin ta Amurka ya zo da ita, kuma daga gare ta ne wadda a ke yi a makarantun kurame na Nijeriya ta samo asali. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwansa, da ita su ke ciniki a kasuwa, su yi gardama, su yi ba'a. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta, aka buga a shekarar 2000. Ke nan yaron da aka kawo makaranta daga ƙauye yana iya zuwa da wata magana a hannunsa, ya tarar da wata dabam a aji, alhali kuwa littattafan da Turanci a ka rubuta su. Malamin da zai ɗauke shi ya haye da shi wannan kogi, lalle ya san gaɓa biyun duka. Mu kuwa a nan Arewa, inda sanƙarau ke zuwa da bazara ya bar yara da kurumta, wannan ba zancen nesa ba ne.

Ba mu ce babu wuraren koyo ba. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 ta ke. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo an kafa ta a 1977 don horar da irin waɗannan malamai, tana da sashen makafi dabam, na kurame dabam, na masu nauyin fahimta dabam. Jami'ar Badun, da ta Jos, da ta Bayero a Kano, duk suna da sashen ilmi na musamman, ana yin digiri na farko da na gaba da shi. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki inda mai koyo zai iya ganin aikin da idonsa. Abin da ya rage shi ne a ɗaure wannan karatu da lasin, yadda ɗaya ba zai tafi ya bar ɗaya ba.

Ku ji yadda mutanen Ingila suka yi. Tun 1919 Jami'ar Manchester ta buɗe sashen horar da malaman kurame, da kuɗin da wani attajiri ya bayar don tunawa da ɗansa kurma da ya rasu. A ƙa'idarsu, wanda zai riƙe ajin kurame ko na makafi, sai ya zama cikakken malami tukuna, sa'an nan ya ƙara da wata takarda ta tilas wadda a ke yi bayan digiri. Ana iya ɗaukarsa aiki kafin ya same ta, amma ba zai wuce shekara uku ba tare da ita ba. Galibi malam yana bakin aikinsa ya ke yin karatun, cikin shekara biyu, ana zuwa ajinsa a ga yadda ya ke yi, a kuma jarraba shi a rubutun makafi ko maganar hannu. A Amurka kuwa, bayan dokar 1975 da ta wajabta a ba kowane yaro mai naƙasa ilmi kyauta, kowace jiha ita ke ba da nata lasin na wannan fanni. Ba mu ce a kwaikwayi Turawa a kome ba, amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Mu ma ai muna da doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. A cikinta an ce kowace makarantar Gwamnati ta karɓe su, ta kuma sami aƙalla mutum ɗaya horarre wanda zai kula da karatunsu. To, wane ne horarre? Wanda ya yi bita ta kwana uku a otel, aka ba shi takarda mai zane da kuɗin mota? Ko wanda ya rubuta kundin digiri na biyu a kan matsalolin makafi, bai taɓa riƙe tsinken rubutunsu ba? In ba a faɗi ma'anar kalmar ba, kowane shugaban makaranta zai nuna wanda ya ga dama ya ce ga horarrenmu, a rubuta a ofis cewa an cika doka, yarinya kuwa tana nan a bayan aji tana kallon leɓunan malam.

Shawararmu ga Hukumar Rajistar Malamai ita ce, ta ƙara layi ɗaya a jikin lasin: wannan malam an jarraba shi, ya iya karantar da makafi, ko kurame, ko masu nauyin fahimta. Jarrabawar kuwa kada ta tsaya a kwamfuta, domin kwamfuta tana auna abin da ke kai, ba ta auna abin da ke yatsa. A miƙa masa shafi na rubutun makafi ya karanta. A zaunar da shi gaban kurma ya ba shi labari da hannu, kurman ya faɗi ko ya gane. Kuma cikin masu jarrabawar lalle a sa makafi da kurame masu ilmi, gama su ne ba a iya yi musu rufa-ido a nan. Wanda ya yi mamakin a ce makaho ya zauna ya yi wa mai ido hukunci, ya tuna da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa. Garuruwanmu ma ba su rasa makafi mahardata waɗanda masu ido ke durƙusawa gabansu suna ɗaukar karatu ba.

Ga jami'o'i kuma, su buɗe ƙofa ga malaman da ke bakin aiki, a yi karatun lokacin hutu da ƙarshen mako, domin mai iyali ba zai bar Gashuwa ko Argungu ya je ya tare a Oyo ba. Gwamnatocin jihohi su biya kuɗin, su ƙara wa mai wannan takarda wani abu a albashi, sa'an nan su bar shi a aji. Babu asarar da ta kai a horar da mutum ya iya maganar hannu, a ɗauke shi a kai shi ofis yana jera fayil.

Kai kuwa Malam mai tambaya, ka tafi ka yi digirin, amma kafin ka biya kuɗin rajista ka tambayi sashen abu biyu: mako nawa za ka yi kana koyarwa a ajin kurame na gaske, kuma wane ne zai koya maka maganar hannu, mai ji ne ko kurma. Kafin lokacin, ka nemi inda kuramen garinku ke taruwa da yamma, ka je ka yi musu sallama ka zauna. Ka kira uwar yarinyar ta nuna maka alamun da su ke yi da ita a gida, na ruwa, na abinci, na zo, na tafi, ka fara da su. Ka dawo da ita layin gaba inda haske ke faɗa wa fuskarka, kuma kada ka yi magana kana fuskantar allo.