Bayan Tiyatar Cire Mahaifa, Wa Zai Ɗauki Jarkar Ruwa?

A shekarar 2023 aka yi wa ƙanwata tiyata aka cire mata mahaifa. Ƙarin mahaifa ne ya dame ta. Shekara 3 tana zubar da jini fiye da kima kowane wata, har tafin hannunta ya yi fari, in ta hau ɗan tudu sai haki. Aka yanka ta a ƙasan cibiya, ta kwana 5 a asibiti, aka sallame ta da gargaɗi cewa kada ta ɗaga abu mai nauyi, kada kuma ta koma aiki sai bayan mako 6. Malama ce a wata makaranta mai zaman kanta. Ran kwana na 19 mai makarantar ya aiko mata cewa jarrabawa ta matso, in ba za ta iya zuwa ba akwai masu neman aikin. Ta ɗaure ciki da ɗankwali, ta hau acaba ta tafi. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Yaya, in na zauna, wa zai biya kuɗin asibitin da muka ranto?" A ranar ban sami abin ce mata ba. Bayan kwana 8 gefen ɗinkin ya buɗe yana ruwa, muka koma asibiti, aka yi wata guda ana wanke ciwon. Aikin da take gudun rasawa ya tafi, ga kuma sabon bashi.

Abin da ya ruɗe ta shi ne yake ruɗin yawancinmu. Fata tana haɗewa da wuri. Cikin mako 2 an cire zare, tabo ya bushe, mai ciwo tana tafiya da ƙafarta tana dariya, sai kowa ya ce ai ta warke. Amma likita ba fata kaɗai ya yanka ba. Ƙarƙashinta akwai tantani mai ƙarfi wanda yake riƙe da kayan ciki, shi ma an yanka an ɗinke. Can ciki kuma, inda aka raba mahaifa da jiki, akwai wani ɗinkin da ido ba ya gani. Waɗannan makonni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Shi ya sa in an buɗe ciki ake cewa mako 6 zuwa 8. In ta gaba aka ciro mahaifar, ko da na'urar da ake zurawa ta ƙananan huji, akan warke da sauri fiye da haka, amma yawancin matan da na sani yanka aka yi musu. Wadda ta matsa wa jikinta kafin lokaci, ɗinki yana iya buɗewa, jini yana iya ɓallewa, ko kuma bayan watanni hanji ya turo ta wurin yankan, a sake shiga wata tiyata.

Sa'an nan sai mu tambayi kanmu, mene ne "aiki"? In likita ya ce kada ki koma aiki, kunnenmu ofis yake ji. Matar da aka ba hutu daga ofis, gida take komawa, aikin gida kuwa ya fi na ofis nauyi. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa, kilo 25 ke nan. Ga jan guga a rijiya, ga daka da surfe, ga wanki a sunkuye, ga sauke tukunyar tuwon gida mai mutum goma, ga goyon jika. In kaka ce kuwa, ba wanda zai ce mata ta je gona, ita da kanta za ta je, domin ba za ta iya zama tana kallon masara tana lalacewa ba. Na ga maigidan da ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin tiyata ba tare da gunaguni ba, amma ko sau ɗaya bai ɗebo ruwa ba. Yana ganin ya gama nasa. Bai gama ba. Likita kuma yakan ce a dakata da kwanciyar aure wajen mako 6, har ɗinkin ciki ya warke. Wannan magana ya kamata a faɗa wa miji a gaban matarsa tun a asibiti, kada a bar ta ita kaɗai da nauyin faɗa.

Ga masu aikin albashi a Najeriya, doka ba ta yi musu wani tanadi mai yawa ba. Dokar Ƙwadago ta ce a biya ma'aikaci albashinsa har kwana 12 na aiki a shekara in yana rashin lafiya, muddin likita ya ba da takarda. Mako 6 kuwa kwana 30 ne na aiki ga mai zuwa kwana 5 a mako. Ita wannan doka ta ba mai haihuwa mako 12, wadda aka cire wa mahaifa kuwa ba ta da wani hutu na musamman. Dokar ma ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu. Saboda haka sauran kwanakin sun rataya a kan yarjejeniyar ɗaukar aiki da kuma zuciyar mai ba da aikin. Yawancin masu ba da aikin nan kuwa ba baƙi ba ne. Mu ne masu ƙananan makarantu, da kantin magani, da shagon ɗinki, da gidan abinci. Ni a ganina, wanda ya ɗauki mace aiki shekara da shekaru, ya kasa riƙe mata gurbinta na wata biyu, bai kyauta ba. In ba zai iya biyan cikakken albashi ba, ya biya rabi, ya nemi mai riƙon ƙwarya, ya faɗa mata a fili cewa wurinta yana nan. Jin wannan kaɗai da ya hana ƙanwata hawa acaba.

Akwai wani abin da yake tura mata komawa da wuri, wato ɓoyewa. Mace takan ce "ɗan aiki aka yi mini" ta yi shiru, domin tana tsoron bakin mutane. Za a ce ta daina zama mace, dangin miji su fara ƙananan maganganu, musamman in ba ta haifi namiji ba, ko kuwa yarinya ce wadda mahaifarta ta fashe a doguwar naƙuda aka cire don a ceci ranta. Wadda take ɓoye girman ciwonta ba za ta iya neman dogon hutu ba. Ban ce kowa sai ya sani ba. Jikinta ne, sirrinta ne. Abin da mai ba da aiki yake bukata shi ne takardar likita mai nuna yawan makonnin hutu da irin aikin da aka hana ta. Sunan tiyatar ba huruminsa ba ne. Mu ma masu zuwa dubiya mu rage tambaya, mu kuma daina kai labarin wani gida zuwa wani da sunan jaje.

A nan ne nake da magana da Zumuntar Mata. Wajen dubiya ba wanda ya fi mu. Makon farko ɗaki yakan cika, ga sabulu, ga lemo, ga kunu a fulas. Mako na uku, lokacin da take fara jin ɗan ƙarfi kuma jarabar tashi ta fi yawa, ba kowa. Har ma akan sa sunanta a jerin masu share majami'a ko masu dafa abincin taro, tun da an gan ta ranar Lahadi. Da za a raba mata goma zuwa biyu-biyu, kowaɗanne su ɗauki mako guda na ruwa da wanki da niƙa, daga mako na biyu har na shida, da ya fi sabulu ashirin amfani. Adashe ma ana iya gabatar mata da kwasarta. Matasa maza su ɗauki gona.

Kada kuma a ɗauka kwanciya nake cewa ta yi. Kwanciya yini guda tana da nata haɗarin, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida tun kwanakin farko, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ta sha ruwa sosai, ta ci ganye da 'ya'yan itace don kada bayan gida ya yi tauri ta yi ta nishi. In ta ga zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini da yawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yi mata wuya, asibiti za a kai ta a lokacin, kada a jira gari ya waye. In an cire har da ƙwayayen mahaifa biyu, za ta shiga halin matan da al'ada ta ɗauke musu nan take, da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci. Abokan aiki su san cewa wannan ba mugun hali ba ne, ita kuma ta gaya wa likita, domin akwai taimako.

Ranar komawa ma ba sai an koma gaba ɗaya ba. Malama ta fara da rabin yini, ta koyar a zaune. Mai kasuwa ta zauna a rumfa ta karɓi kuɗi, yaro ya sauke buhu. Mai aikin asibiti kada a sa ta ɗaga majinyata tukuna. Gajiya takan daɗe fiye da ciwon yankan, wasu sai sun yi wata 3 kafin su ji sun dawo daidai.

Ƙanwata yanzu tana koyarwa a wata makarantar. Kwanan baya aka yi wa wata abokiyar aikinta irin wannan tiyata. Ita ta karɓi ajin matar ta haɗa da nata har mako 7, ɗanta kuma yana kai wa gidan jarka biyu kowace safiya kafin ya tafi makaranta.