Wa Ya Gusa Iyakar Gona? Gurbin da Ƙagaggun Labaran Hausa Suka Bari

A kasuwar littattafan Ingila da Amurka akwai wani nau'in ƙagaggen labari da suke kira cozy mystery, wanda za a iya kiransa labarin bincike mai sanyi. Ƙa'idojinsa sanannu ne. Ana aikata laifi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, mai warware matsalar ba ɗan sanda ba ne, ba a baje jini ko batsa a gaban mai karatu, kuma a ƙarshe gaskiya takan fito, gari ya koma zamansa. Uwar wannan salo ita ce Miss Marple, tsohuwar da Agatha Christie ta ba littafinta na farko, The Murder at the Vicarage, a 1930. Daga baya salon ya yi rassa, har aka samu reshen da ya tare a gona, kamar jerin littattafan Sheila Connolly da suka fara da One Bad Apple a 2008, inda mai binciken mace ce da ke fama da lambun tuffa a jihar Massachusetts.

Mai karatun Hausa zai yi wuya ya nuna takwaran wannan a rumfar mai sayar da littattafai. Abin mamaki ne, domin birnin da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko yana zaune ne a tsakiyar gonaki. A Zariya Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Jiki Magayi ya biyo baya. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A Samaru kuma tashar binciken aikin gona ta fara aiki tun 1922, ita ce ta zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai fitar da irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA. Alƙalami da fartanya sun yi kusan ƙarni guda suna maƙwabtaka, amma ba su cika haɗuwa a shafi ɗaya ba. Littattafan farko sun tafi yawon duniya da yaƙi da tarihi. Adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, ya shiga ɗakin aure da zancen soyayya. Labaran 'yan leƙen asiri da 'yan fashi da suka biyo baya sun fi son bindiga da babban birni. Gona ta zama wurin da jarumi ke baro wa idan arziki ya zo.

Ya kamata a cike wannan gurbi, kuma unguwa irin Kusfa, a cikin ganuwar Zazzau, ta isa ta nuna yadda za a yi. Kusfa ta yi suna da malamai da almajirai da zawiyya. Kamar sauran unguwannin birni, gidajenta da dama suna da alaƙa da noma, ko a bayan ganuwa ko a fadamun Kubanni da Galma. Malamin da ke karantar da babin shari'a da hantsi yana iya zama mai gonar da ake rigima a kanta da yamma. Marubuci ba ya bukatar ya ƙirƙiro ƙauyen Ingila mai coci da shayin la'asar. Yana da zaure, yana da mai unguwa, yana da gidan suna da gidan biki inda labari ke yawo fiye da rediyo.

Abin da ya kamata a bari a can shi ne gawa. Salon Turawa kusan kullum yakan buɗe da kisa, domin a ƙauyen da aka zana cikin kwanciyar hankali kisa ne kaɗai ke girgiza mai karatu. Manomin Zazzau yana da abubuwan da ke girgiza shi ba tare da an mutu ba. Iyakar gona takan gusa da taku uku tsakanin kaka da damina. Damman dawa sukan ragu a rumbu alhali ƙofa ba ta nuna alamar ɓalla ba. Buhun taki yakan zo da yashi a ciki, a gane bayan masara ta yi rawaya. Gonar da kaka ya bayar aro ko jingina shekara arba'in da suka wuce, jikokin wanda aka ba sukan ce saye ne, shaidu kuwa duk sun kwanta dama. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya raba zumunci, ya kashe aure, ya kai 'yan uwa kotu har ƙarshen rayuwarsu.

A ɗauka marubuci ya ƙirƙiro wata dattijuwa a Kusfa, mai saye da ajiye hatsi, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ɗan ƙaninta ya zo yana huci, ya ce shanun makiyaya sun cinye masa gefen gona, matasa har sun fara ɗaukar gora. Ita kuwa sai ta ce a kawo mata karan da aka ɓarnata. Karan da dabba ta ci yakan tattauje, wanda aka yanka da lauje yakan fita sumul a karkace. Ta tambayi ko an ga kashin shanu, ta tambayi ko sawun ya shiga ta burtali ko ta hanyar gari. A wani babin ta sa a tona gindin gambar da ke kan iyaka, domin gambar da ta shekara goma a wuri saiwarta ba ta kama da wadda aka dasa bara. A wani kuma ɗinkin bakin buhu ya nuna mata cewa an farke shi an sake ɗinkewa da hannu. Wannan ilimi ne na gaske, yana nan a kan tsofaffin manoma da 'yan awo, kuma yana tafiya kabari tare da su ba tare da an rubuta shi ba.

Amfanin irin wannan labari ya wuce nishaɗi. Al'ummar da ake kashe mutum a cikinta saboda wani ya yi ihun ɓarawo, ko a jefi tsohuwa da maita saboda yaro ya yi zazzaɓi, ko a ɗora wa ƙabila guda laifin mutum ɗaya, tana bukatar labaran da ke horar da zuciya ta jira hujja. Labarin bincike yana yin haka a aikace: yakan sa mai karatu ya zargi wani a babi na uku, ya ji kunyar zarginsa a babi na goma. Wanda ya sha wannan kunyar sau ashirin a kan takarda zai fi jinkirin ɗaukar dutse a kasuwa.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a zauren Kusfa. Ɗalibin da ya karanta Risala ko Tuhfatul Hukkam ya san cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Ya san ƙissar Annabi Yusufu, inda wurin da riga ta yage ya bambance mai gaskiya da mai ƙarya. Ya san shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan tumakin da suka shiga shuka da dare, wadda ita ma rigimar manomi da makiyayi ce. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna matsayin alamomi wajen yanke hukunci. Marubucin da ya ɗebo daga nan ba aro ya yi ba.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Na farko za su ce wane irin sanyi ake nema a lokacin da manoman Giwa da Birnin Gwari suka sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, a lokacin da aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021 aka kwashi mutane? Wannan suka ta yi kama da wadda Raymond Chandler ya yi wa salon Ingila a 1944, cewa ya raba laifi da mutanen da ke aikata shi a zahiri, ya mai da shi wasan falo. Gaskiya ne dattijuwa mai duban kara ba za ta warware matsalar daji ba, kuma littafin da ya nuna haka ya yi ƙarya. Sai dai yawancin rigingimun karkara ba da bindiga suke farawa ba. Suna farawa ne da ɓarnar da ba a bincika ba, da burtalin da aka nome, da diyyar da aka karɓa a hannun wanda bai yi laifi ba. Labarin da ya tsaya a wannan matakin yana magana ne a kan lokacin da abu bai riga ya fi ƙarfin mai unguwa ba. Bala'in daji yana bukatar nasa adabin, mai zafi, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya.

Suka ta biyu ta fi zurfi. Bahaushe yana girmama rufin asiri, addini ya hana bin diddigin aibin mutane, kuma wanda ke tambaye-tambaye a kan abin da bai shafe shi ba sunansa mai shisshigi. Ta yaya za a mai da irin wannan mutum jarumi? A nan ne labarin Hausa zai iya fin na Turawa. Miss Marple takan miƙa mai laifi ga hukuma ta koma saƙarta. Gwaggon Kusfa kuwa, idan ta gano cewa mai ɗibar dawar ƙanin mai rumbun ne, kuma yunwar iyalinsa ce ta sa shi, aikinta bai ƙare ba. Dole ta wanke wanda aka zarga a bainar jama'a, domin an ci mutuncinsa a bainar jama'a, sannan ta nemi hanyar da za a mayar da haƙƙi ba tare da an rusa gida ba. Wa za a gaya wa, a wane zaure, da wane lafazi? Babin ƙarshe na irin wannan littafi zai fi na farko wahalar rubutawa, kuma shi ne zai sa a tuna da shi.

An taɓa yin irin wannan dashe a Afirka, ya kuma kama. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiro Bwana Msa, mai binciken sa-kai, a littafinsa na Swahili Mzimu wa Watu wa Kale, wanda ya ci gasa kafin a buga shi a 1960, ya kuma buɗe wa harshen sabon fage. Mma Ramotswe ta Alexander McCall Smith, wadda ta fito a 1998, ta nuna cewa duniya za ta karanta labarin binciken Botswana da bai dogara da kisa ba, ko da yake baƙo ne ya rubuta shi.

Hausa tana da masu karatu a waya da masu sauraro a rediyo da YouTube, tana da gasa irin Hikayata ta BBC Hausa wadda ta fara a 2016. Abin da ya rage shi ne marubutan da za su yarda su zauna da tsofaffin manoma su koyi bambancin noman firi da maimai, da gandu da gayauna, kafin su ɗauki alƙalami, domin mai karatun da ya tashi a gona zai kama kuskure a shafin farko. Masu shirya gasa da masu ɗaukar nauyinta kuma suna iya yin abin da aka yi a Zariya a 1933: su ware kyauta ga wannan fanni, su faɗi abin da suke nema, su buga abin da ya yi fice.