Kaset ɗin 'Yan Makaranta a Arewacin Zamfara da Sakacin Manazarta

Idan biki ko zaman makoki ya haɗa tsofaffin abokai da suka yi sakandare a Moriki, Ƙauran Namoda ko Shinkafi a shekarun 1980 da 1990, hira takan gangaro kan kaset ɗin waƙa da suka taɓa ɗauka da kansu. Rakoda ce ta aro mai batir, da kaset mai minti 60 da aka goge waƙar Indiya daga kansa, sai bokiti da gwangwanin madara a madadin kotso da kalangu. Sukan yi gardama kan wanda ya ja waƙa da waɗanda suka yi amshi, a ƙarshe a tambayi hannun wa kaset ɗin yake, a rasa amsa.

Ya kamata sassan nazarin Hausa su damu da wannan tambaya. An yi rubuce-rubuce da dama kan Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali da Kassu Zurmi, kuma sun cancanta. Amma waƙoƙinsu suna nuna abin da gwani ya shirya ne kawai. Kaset ɗin yara shi ke nuna yadda waƙar ta sauka a kunnen jama'a: wane kari aka ara, wane kirari aka juya aka ɗora wa shugaban ɗalibai ko mai dafa abinci, da yadda salon fada ya haɗu da na finafinan Indiya a baki ɗaya. Akwai kuma harshen kansa. Yaron da malami ya hana rubuta munka da sunka a takardar jarrabawa, da su yake rera waƙarsa ba tare da shakka ba. Mai nazarin karin harshen Zamfara da wuya ya sami shaidar da ta fi wannan, domin ba don shi aka yi maganar ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, masu gyaran rakoda sun koma gyaran waya, sannan hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman tsohon kwali a ƙarƙashin gado.

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ita ta fi kusa da aikin. Rakoda ɗaya mai lafiya da kwamfuta sun isa a kwafe sautin, a zauna da abokan su faɗi shekara da sunayen muryoyin tun suna iya tunawa. Sai dai a nemi izininsu tukuna, domin a cikin waɗannan waƙoƙi akwai zambon malaman da har yanzu suna raye, da sunayen 'yan matan da yau suke da jikoki.