LADAN MAI SAƘA

Da hunturun bana ya matsa, muna zaune a ɗakin kwana kowa ya ƙudundune cikin suwaitarsa, sai gardama ta tashi tsakaninmu a kan wani abu da muka taras cikin darasin labarin ƙasa, watau labarin matan tsibiran Shetlan waɗanda su ke saƙa rigunan ulu su sayar, suna kuwa renon 'ya'yansu. Waɗansu 'yan'uwanmu suka ce ai wannan ita ce sana'ar da ba ta da hasara, gama mace tana zaune ɗakinta, ɗanta na gabanta, hannunta na jawo kuɗi. Mu da muka rubuta wannan takarda ba mu yarda ba, ga kuma dalilinmu.

Shetlan tsibirai ne wajen ɗari can arewa da Sikotlan, waɗanda a ke zaune cikinsu ba su kai ashirin ba, mutanensu duka kamar 23,000. Ƙasa ce ta iska da sanyi, itatuwa ma sai an tona. Tumakinsu ƙanana ne, amma ulun jikinsu yana da laushi ƙwarai, ga shi launi iri iri tun daga jikin tunkiyar, fari da baƙi da toka-toka da ja-ja, har a kan saƙa riga mai ado ba a kai ta marina ba. Kada mai karatu ya kwatanta su da Uda ko Balami namu, waɗannan gashi gare su, ba a kaɗa shi.

A zamanin da maza su kan tafi su a teku, ko aikin jiragen ruwa, su daɗe ba su komo ba, waɗansu ma ba su komowa har abada. Saboda haka gona da dabbobi da yara duk a wuyan mata su ke. Mace ta kan ɗaura wata 'yar ɗamara ta fata a ƙugunta, wadda aka cusa wa gashin doki, ta kafa tsinken saƙa ɗaya a ciki, don ta iya saƙa tana tafiya, ga kwandon makamashi a bayanta. Akwai hotunansu da yawa, masu kallo su kan yi ta yaba ƙwazonsu. Mu da muka duba, abin da muka gani shi ne mace wadda ba ta da ko sa'a ɗaya da za ta ce tata ce.

To, me ta ke samu? A 1872 Gwamnati ta aika da wani lauya, William Guthrie, ya je Shetlan ya bincika yadda a ke biyan masunta da masaƙa. Matan suka zo suka ba da shaida da bakinsu. Ashe in mace ta kai gyale ko safa kanti, mai kanti ba ya ba ta kuɗi, sai ya biya ta da kayan kantinsa, ganyen shayi ko yadi. Wadda ta nace sai kuɗi, a rage mata. Yaro kuwa ba ya cin yadi, don haka sai ta ɗauki shayin nan ta bi maƙwabta tana sayarwa da hasara, kāna ta sami na sayen gari. Mai kanti ya ci riba wajen sayar da saƙarta a Ingila, ya kuma ci riba wajen kayan da ya ba ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An yi doka a 1887 don a hana irin wannan ciniki, amma al'adar ba ta mutu ba. Ko sa'ad da Yarima mai jiran gadon Ingila ya fito wasan golf a 1922 sanye da riga mai adon tsibirin Fair Isle, manyan mutane suka yi ta rububin irinta, ribar ba ta gangaro wa matan yadda ya kamata ba. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, da aka girke soja masu yawa a tsibiran suna saye da tsabar kuɗi hannu da hannu, sa'an nan ne cinikin musaya ya karye.

Abin da ya biyo baya shi ya fi kama hankalinmu. Da aka sami man fetur a tekunsu, aka gina babbar tashar mai a Sullom Voe, wadda ta fara karɓar mai a 1978, sai ga aikin albashi ya samu, na dafa abinci da shara da ofis. Mata da yawa suka ajiye tsinkayen saƙa suka tafi. Wa zai ga laifinsu? Ranar da aka fara biyansu ladan sa'o'insu, ranar suka san abin da su ke bayarwa kyauta tun kaka da kakanni.

A zamanin nan an sāke waiwayar ulu, domin mutane sun gaji da tufafin roba waɗanda ba su ruɓewa in an zubar. Ulu kuwa kowace shekara ya kan sāke tsirowa a jikin tunkiya, in riga ta huje a yi mata ƙari, in ta mutu ƙasa ta cinye ta. Masu wannan ra'ayi su kan ce sana'ar mai ɗorewa ce, suna lissafa tunkiya da ciyawa da ruwan rini. Duk gaskiya ne. Amma fa akwai abu ɗaya da ya ke ƙarewa wanda ba a cika sa shi cikin lissafin ba, shi ne lokacin uwar gida, da idonta, da kafaɗarta.

Bari mu buga lissafin. Mu ƙaddara rigar babban mutum mai ado, launi biyu a kowane layi kamar yadda a ke yin ta Fair Isle, ta ci wa mai saƙa da hannu awa 100. A 2024 mafi ƙanƙancin ladan da dokar Biritaniya ta yanka wa baligi a kan awa ɗaya fam 11 ne da kwabo 44. Ladan hannu kaɗai ke nan ya kama fam 1,144, ba a sa kuɗin zare ba, ba a sa na aikawa ba. Mutum nawa za su sayi riga haka? In kuwa ta sayar a kan rubu'in wannan don ta sami ciniki, to ta koma gidan jiya, sai dai yanzu ita ce mai kantin da ke cutar kanta.

Don haka ba mu tare da masu raina injin saƙa na hannu, suna cewa yana ɓata asali. Mutanen Shetlan da kansu sun daɗe suna saƙa gangar riga da hannuwanta a inji, sa'an nan a yi adon wuya da kafaɗa da hannu, sau da yawa miji ne ma ke jan injin da dare. Ta haka riga ta kan fito da kuɗin da mai saye zai iya, aikin kuma ya rabu tsakanin mutanen gida. Haka nan mu ke ganin hikimar wadda ta ƙayyade rigunan da za ta karɓa a shekara, ta karɓi kafin alƙalami, ta ce wa sauran su jira. Ciniki da ya fi ƙarfin mutum shi ma wata irin hasara ce. Mai goyo ba ta da ikon cewa jariri ya dakata da zazzaɓi sai ta gama hannun riga. Taura biyu ba ta taunuwa, sai a bi su ɗaya ɗaya, ko kuwa a sami mai taya tauna.

Kada 'yan'uwa su ce me ya haɗa mu da wannan nisan duniya. Wane ne cikinmu bai taso ya ga uwarsa ko gwaggonsa tana ɗinkin hula, ko kaɗi, ko saƙar kayan jarirai da kwarashi, tsakanin girki da wanki ba? In an tambaye ta riba, sai ta cire kuɗin zare da la'adar dillaliya, abin da ya saura ta ce riba ce. Kwanakin da ta yi tana dūƙe ba ta taɓa sa musu kuɗi ba, gama an saba cewa lokacin mace a gida ba shi da tamani. Sau da yawa kuma 'yarta ce ke biyan cikon, da yinin tallan da ya kamata ta yi a aji.

A nan maganar ta zo kanmu, mu masu koyon malanta. A 2010 hukumar Shetlan ta soke darasin saƙa a makarantun firamare don rage kashe kuɗi, a shekarar nan kuwa aka fara bikin makon ulu wanda ke jawo baƙi daga ƙasashe masu nisa. Daga 2015 masu aikin sa kai suka koma suna koya wa yara. Mun yaba musu. Amma roƙonmu ga malamanmu na aikin hannu da na lissafi shi ne su yarda mu haɗa darussan nan biyu sa'ad da za mu fita koyarwar gwaji zango mai zuwa. Kowane yaro ya tafi gida ya tambayi mai sana'a ɗaya, kwana nawa hula ko rigar jariri ta ci mata, nawa ta sayi zare, nawa aka saya, ya kawo amsar mu buga a kan allo, mu raba abin da ya saura bisa sa'o'in da ta yi. Sa'an nan ya kwafe lissafin a takarda ya kai mata.