Sunan da ba mu ɗinka a jikin gafaka ba

Duk wanda ya yi karatun allo a cikinmu, daga Yargalma har Gummi da Anka, bai manta ƙamshin sabuwar gafaka ba. Fatar jar akuya ce, majemi ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya rina da karan dafi, sannan ya zauna da basilla yana bin gefenta a hankali. Ba a makaranta ake koyon wannan aiki ba. Yaro kan fara da murza tsirkiya da miƙa wa mahaifinsa wuƙa, sai ya yi shekaru kafin a yarda ya yanka fata. Gafaka, zabira, burgami, kuben takobi, duk daga zaure guda suke fitowa, kuma kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa.

Yau tambayi matashi wa ya ɗinka gafakar kakansa, sai ya yi maka dariya. Mu ma da muka rataya ta, sunan gidan kaɗai muka riƙe, shi ma yana dusashewa.

Abin da ya tuno mini da dukawan nan wani gida ne a Faransa. Louis Vuitton yaron ƙauye ne da ya taka a ƙasa zuwa Paris, ya yi barantaka wurin mai haɗa akwati, ya buɗe shagonsa a 1854. Da ya rasu a 1892, ɗansa Georges ya gaje shi. Masu kwaikwayo suka dame shi, sai a 1896 ya zana haruffan sunan mahaifinsa, L da V, ya baza su a jikin akwatunan gidan. Jika, Gaston, ya riƙe gidan har 1970. Daga baya surukinsa ya karɓa, a 1987 aka haɗe da wani kamfani, ba a jima ba attajiri Bernard Arnault ya ƙwace ragamar. Iyalin sun rasa mulkin gidan, amma sunan kakansu na nan a manne, har wani jikan jikansa, Patrick, ya ci gaba da kula da akwatunan musamman a tsohuwar masana'antarsu ta Asnières har ya rasu a 2019.

Mu kuwa namu ya zo a juye. Hannu muka gada, ba mu gaji suna ba. Ɗaruruwan shekaru ayari na ɗaukar jar fatar Sakkwato da Kano ya keta Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baturen Jamus Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yaba takalma da kayan fatar da ya gani ana fitarwa, shekara uku kafin Vuitton ya buɗe ƙofar shagonsa. Ban ga laifin dukawanmu ba, don a wancan zamani duk kasuwa ta san aikin wane da ganin ɗinkinsa, kuma tarbiyyarmu ba ta son mutum ya riƙa tallar kansa.

Sai roba ta shigo, sai zinare. 'Ya'yan masu sana'a da dama suka ajiye kayan aikin iyaye suka nufi ramukan haƙar zinare, kuma mu a Yargalma mun san abin da gubar dalma daga wannan haƙa ta yi wa ƙananan yaranmu a 2010. An ce gadon gida alala ga raggo, amma waɗannan yara ba raggwaye ba ne, sana'ar ce ta daina ciyar da gida.

Yanzu idan za mu yi tafiya, buhun Gana-mas-go muke cusa wa kaya. Shi ma a 2007 gidan Vuitton ya fitar da irinsa, mai zane-zane sak, ya buga masa tambarinsa, ya sa masa farashi mai tsada.